Akwatin Tambayoyi: Zaɓen Yukren da kotu ta rushe, da na Belarus da aka danne

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon da yawansu akan abu ɗaya suka taru, wato rigimar zaɓen shugaban ƙasa a ƙasashen da suka ɓalle daga tsohuwar Tarayyar Sobiyat, dan haka na tsinto guda biyar na haɗa su waje ɗaya tunda labarin nasu a sarƙe yake. Sauran ku yi haƙuri sai wani makon in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Gardama ce ta kaure a majalisarmu, wani abokina yace wai an taɓa yin ƙasar da aka sanar da wanda yaci zaɓe har shugaban Rasha ya taya shi murna, amma kotu tace a sake, kuma wanda akace ya faɗi shi ya dawo yaci. Ni nace haka ba zata yiwu ba a ƙasar da ta taso a hannun 'yan kwaminis. Dan Allah ka raba mana gardama. Daga wani tela a Fagge, Kano.

AMSA: Ɗan'uwa abokinka ne da gaskiya, anyi haka a Yukren a shekarar 2004. Lokacin Leonid Kuchma ya cika shekara goma akan mulki zai sauka, sai ya tsayar da firaministansa Viktor Yanukovych, mutumin Donetsk a gabashin ƙasar inda ake haƙar kwal kuma mafi yawan mutanen wajen Rashanci suke yi. Ɗan adawa kuma shine Viktor Yushchenko wanda ya taɓa riƙe babban bankin ƙasar ya kuma taɓa yin firaminista. Kaga duk su biyun sunansu Viktor, dan haka da sunan mahaifi zan dinga kiransu kar ka rikice.

Anyi zagayen farko ran 31 ga Oktoba, kowannensu ya samu kashi 39 da 'yan kai, babu wanda ya kai rabi, sai aka tafi zagaye na biyu ran 21 ga Nuwamba. Toh anan aka yi ta. Akwai masu bincike da suka tsaya a bakin rumfuna suna tambayar mutane in sun fito wa ka zaɓa, lissafinsu ya nuna Yushchenko na da wajen kashi 54 shi kuma Yanukovych 43. Amma da hukumar zaɓe ta fito sai tace Yanukovych ne yaci da kashi 49.5, Yushchenko 46.6. Putin ma bai tsaya jiran sanarwar hukumar ba ya aika da murnarsa.

Yadda akayi maguɗin shine abin da nake so ka kula dashi. A dokarsu akwai takarda da ake ba wanda zai yi tafiya dan ya samu ya yi zaɓe a wani gari, sai aka dinga cika motocin bas da mutane kowa da irin wannan takardar fiye da ɗaya, a kaisu wannan rumfa su dangwala a kwashe su a kaisu wata su sake, haka har yamma. Akwai kuma akwatin da ake ɗauka a kai wa tsofaffi da marasa lafiya gida, shima aka yi ta aringizo dashi. A jihar Donetsk waɗanda suka fito a zagayen farko kashi 78 ne, amma cikin sati uku kacal akace sun haura kashi 96, wasu rumfunan ma ƙuri'un sun fi yawan mutanen da ke cikin rajista. Ido ba mudu ba ai yasan kima.

Tun washegari mutane suka fara cika dandalin 'yanci na birnin Kiyev wanda suke kira Maidan, ga dusar ƙanƙara na zuba ga sanyin da ruwa ke daskarewa, suka kafa tantuna akan babban titin birnin suna kwana a ciki, matan gari na dafo shayi da miya suna kawo musu, wasu su kawo riguna masu kauri da safa. Kowa ya ɗaura ƙyalle ruwan goro a wuya ko a hannu saboda launin kamfen ɗin Yushchenko kenan, shi yasa har yau ake kiran abin da juyin ruwan goro, wasu suce ruwan lemo. Dubban ɗaruruwan mutane ne, kuma sama da sati biyu suna nan ba'a harbi kowa ba.

Akwai wata mata da wallahi duk sanda na tuna labarinta sai naji tsigar jikina ta tashi, sunanta Natalia Dmytruk, aikinta a gidan talabijin na gwamnati shine fassara labarai da maganar hannu saboda kurame, tana can a ɗan ƙaramin lungu a gefen allo. Ran 25 ga Nuwamba mai karanta labarai na faɗin sakamakon hukuma, ita kuma sai ta ƙi fassara abin da yake faɗa, da hannunta ta gaya wa kuramen ƙasar cewa kar su yarda da wannan sakamakon ƙarya ne, Yushchenko ne shugabansu, kuma tana jin kunyar ƙaryar da ta dinga fassara musu a baya. Shugabannin gidan basu gane me take cewa ba sai da ta gama. Bayan nan ne 'yan jaridar gidan da yawa suma suka ce sun daina karanta abin da ake rubuto musu daga sama.

A wannan ranar ce kuma kotun ƙoli ta hana a buga sakamakon a jaridar gwamnati, wanda hakan na nufin ba za'a iya rantsar da kowa ba. Majalisar dokoki ta zauna tace bata yarda da zaɓen ba. Akayi zaman kotun ana nunawa kai tsaye a talabijin kowa na gani, lauyoyin adawa suka dinga jibge takardun sakamako na rumfuna da ejan-ejan ɗinsu suka tattaro, ran 3 ga Disamba alƙalai suka ce maguɗin yakai yadda ba za'a iya sanin abin da mutane suka zaɓa ba, a sake zagaye na biyu. Kafin a sake sai da akayi ciniki a majalisa ran 8 ga Disamba, aka canza 'yan hukumar zaɓe aka tsuke dokar waɗancan takardun tafiya, su kuma 'yan adawa suka yarda a rage wa kujerar shugaban ƙasa ƙarfi a ƙara wa majalisa. Shugaban Polan da na Lituweniya da wakilin Tarayyar Turai da shugaban majalisar Rasha duk sun zo shiga tsakani. Ran 26 ga Disamba aka sake, Yushchenko ya samu kashi 52, Yanukovych 44, aka rantsar dashi ran 23 ga Janairun 2005.

In gardamar ta sake tashi ka ƙara musu da cewa ko a nan Afirka kotu ta taɓa soke zaɓen shugaban ƙasa, Kenya a 2017 da Malawi a 2020.

TAMBAYA: Yaya naga hoton wani shugaban Yukren fuskarsa duk ta lalace kamar wanda yayi agana, akace wai guba aka bashi lokacin kamfen. Da gaske ne ko farfagandar siyasa ce? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Zariya.

AMSA: Da gaske ne ƙanwata, Yushchenko ɗin nan ne da muka gama magana. Ran 5 ga Satumban 2004 yaci abincin dare da manyan hukumar tsaro ta farin kaya a gidan mataimakin shugabanta, bayan nan ciwo ya kama shi, ciwon ciki da baya mai tsanani har aka fita dashi wani asibiti a birnin Viyana na ƙasar Ostiriya. Mutum ne mai kyan fuska, amma cikin 'yan makonni fuskar ta kumbura tayi toka-toka duk ƙuraje da ramuka. Abokan hamayyarsa suka dinga yaɗa cewa ai abinci ne ya ɓata masa ciki ko giya ce, sai a watan Disamba likitocin suka tabbatar da cewa guba ce mai suna dayoksin, kuma yawan da aka samu a jininsa ya wuce kima nesa ba kusa ba. Ke da kike aikin asibiti kin san irin wannan gubar a kitse take maƙalewa, shekaru take ɗauka kafin ta bar jiki. A haka ya dawo ya ƙarasa kamfen da robar maganin kashe zafi a maƙale a bayansa. Waɗanda yaci abincin dasu sun musanta cewa da hannunsu, kuma har ya gama shekara biyar ɗinsa akan mulki ba'a hukunta kowa akan lamarin ba, wannan kam yana cikin abin da magoya bayansa suka daɗe suna jin ciwo.

TAMBAYA: Malam ni fa ban yarda da wannan labarin juyin ba. Nayi karatu a Kharkiv da ke gabashin Yukren shekara shida, mutanen can da yawa cewa suke Amurka ce ta shirya komai da kuɗinta dan ta raba su da Rasha. Me yasa ku 'yan jarida bakwa faɗin wannan ɓangaren? Daga wani likita a Kaduna.

AMSA: Likita na gode, kuma ba zan ce maka babu ƙamshin gaskiya a maganar ba. Ƙasashen yamma sun zuba kuɗi a ƙungiyoyin sa ido da horar da matasa, ita kanta waccan tambayar bakin rumfa ofisoshin jakadancin yamma da gidauniyoyinsu na cikin waɗanda suka biya kuɗinta. Ƙungiyar matasa ta Pora da ta jagoranci kafa tantuna ta koyi dabaru ne daga matasan Sabiya da suka kori shugabansu Milosevic a 2000 da na Jojiya da suka yi nasu a 2003. Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya fito ƙarara yace basu yarda da sakamakon ba. Duk wannan anyi.

Amma dan Allah mu faɗi ɗaya ɓangaren shima. Putin da kansa yazo Kiyev ana saura kwanaki zagayen farko, aka sa shi a talabijin yana yabon gwamnatin Yanukovych, masu tsara kamfen daga Mosko suna cikin tawagarsa, sannan ran 28 ga Nuwamba manyan gabas suka yi taro a Severodonetsk suna barazanar yankinsu zai ja gefe, magajin garin Mosko na zaune a wajen. Kowa ya sa hannu a tukunyar nan. Abin da nake cewa shine kuɗin waje zai iya sayen tanti da lasifika, amma ba shi ya cika motocin bas da masu dangwala sau biyar ba, ba shi ya rubuta kashi 96 a Donetsk ba, kuma alƙalan da suka soke zaɓen 'yan ƙasar ne da suka yi aiki a ƙarƙashin Kuchma.

Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shine mutanen gabas ba sayensu akayi ba. Ko a zaɓen da aka sake mai tsafta mutum kusan miliyan 13 ne suka zaɓi Yanukovych da zuciya ɗaya, suna tsoron a rufe musu masana'antu a mayar da harshensu baya, kuma da yawansu sun ji kamar ƙwace akayi musu a titi. Waɗanda suka ci basu yi abin kirki wajen rarrashinsu ba, wannan kuskure ne babba a ganina.

TAMBAYA: Toh bayan duk wannan wahalar da mutane suka sha a cikin sanyi, kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

AMSA: 'Yata amsar nan ba daɗi. Yushchenko ya naɗa Yulia Tymoshenko firaminista, matar nan mai kitso zagaye da kai wadda ita ce ke tada jama'a a dandalin, amma ko shekara basu yi ba suka ɓata ya sauke ta a Satumban 2005, daga nan sai zargin juna da cin hanci har ƙarshen mulkin. A 2006 Yanukovych ɗin da aka kora ya dawo firaminista a ƙarƙashin Yushchenko. A zaɓen 2010 Yushchenko yana kan kujera ya samu kashi 5 da ɗan wani abu, Yanukovych kuma ya kada Tymoshenko a zaɓen da 'yan sa ido suka ce anyi shi da gaskiya. Watanni bayan hawan Yanukovych kotun tsarin mulki ta soke wancan gyaran na 2004 ƙarfi ya dawo hannunsa, a 2011 aka ɗaure Tymoshenko shekara bakwai, a Fabrairun 2014 shi kuma ya gudu Rasha bayan wata zanga-zangar a dandalin nan dai, wadda ita kam an zubar da jini. Shugaban hukumar zaɓen da ya sanar da sakamakon bogi a 2004 kuwa ɗan majalisa ya koma. Abu ɗaya da zan ce ya tsaya shine tun daga lokacin shugabannin Yukren suna faɗuwa zaɓe su sauka, Yushchenko ya sauka a 2010, Poroshenko ma ya sauka a 2019.

TAMBAYA: Malam a 2020 na bibiyi abin da ya faru a Belarus a waya, naga mutane sun cika titi fiye da tunani amma har yau mutumin yana nan. Me yasa ta yiwu a Yukren bata yiwu a can ba, alhali maƙwabta ne? Daga wani malamin makaranta a Gusau.

AMSA: Malam wannan tambayar taka ita ce ta fi tsaya min a rai. Alexander Lukashenko tsohon manajan gonar gwamnati ne, yana mulki tun 1994. Kafin zaɓen 9 ga Agustan 2020 ya share fili, Sergei Tikhanovsky mai yin bidiyo a YouTube wanda ke kiran Lukashenko kyankyaso har mutane na zuwa taro da silifa a hannu, aka kama shi a watan Mayu, Viktor Babariko shugaban banki aka kama shi a Yuni, Valery Tsepkalo aka hana shi takara ya tsere. Sai matar Tikhanovsky mai suna Svetlana, uwar 'ya'ya biyu da ta karanci koyar da Turanci, tace zata tsaya a madadin mijinta, aka ƙyale ta saboda an raina ta, shi Lukashenko ma cewa yayi tsarin mulkinsu ba na mace bane. Ta haɗa kai da matar Tsepkalo da Maria Kolesnikova mai busa sarewa wadda ke jagorantar kamfen ɗin Babariko, alƙawarinta ɗaya ne, in taci zata saki fursunonin siyasa ta shirya sabon zaɓe cikin wata shida ta koma gida.

Mutane sun san za'a yi maguɗi sai suka yi dabara, kowa ya ɗaura farin zare a hannu ya ninke takardar ƙuri'arsa ninki-ninki yadda za'a ganta a cikin akwati, ya ɗauki hotonta a waya kafin ya jefa. Hukuma kuma ta cire labulen rumfuna da sunan korona, tace sama da kashi 41 sun riga sun yi zaɓe tun kafin ranar. Da dare akace Lukashenko kashi 80, Svetlana kashi 10, alhali a wasu rumfunan da malaman zaɓe suka ji tsoron Allah suka liƙa sakamakon gaskiya a ƙofa ita ce a gaba da rata. Aka kashe intanet wajen kwana uku, 'yan kwantar da tarzoma suka fito da kulki da harsashin roba, cikin kwana huɗu aka kama mutum kusan 7,000, iyaye na tsaye a bakin gidan tsare mutane na Okrestina a birnin Minsk cikin dare suna jiyo ihun 'ya'yansu daga ciki. Ita kuma Svetlana ta shiga ofishin hukumar zaɓe kai ƙorafi aka riƙe ta awanni, washegari sai ganinta akayi a Lituweniya.

Duk da haka mutane basu koma gida ba, mata suka fito da fararen kaya da furanni, ran 16 ga Agusta sama da mutum 100,000 suka cika Minsk, washegari Lukashenko yaje masana'antar manyan motoci yana jawabi ma'aikata na masa ihun ya tafi. Toh me ya hana?

A Yukren wanda ke riƙe da sojoji da 'yan sanda, wato Kuchma, ba shi ke takara ba, mai barin gado ne da ke neman yadda zai sauka lafiya, kuma iko a rarrabe yake, 'yan adawa na da kujeru masu yawa a majalisa, hukumar birnin Kiyev na tare dasu, akwai attajirai a bayansu har da tashar talabijin guda, jami'an tsaron ma kansu a rabe yake. A Belarus kuwa tun 1996 Lukashenko ya rushe majalisar da ke iya ce masa a'a, shi ke naɗa alƙalai, mace ɗaya ce ta shugabanci hukumar zaɓe tun wancan lokacin har zuwa 2021, hukumar leƙen asirinsu har yau sunanta KGB, sannan manyan masana'antu na gwamnati ne, kayi yajin aiki yau gobe an sallame ka. Da aka kai ƙara kotun ƙolinsu ƙin sauraro tayi. Aka nuna shi yana sauka daga jirgi mai saukar ungulu da bindiga a hannu, Putin yace ya tanadi jami'an da zai turo in abu ya ɓaci ya kuma bashi bashin dala biliyan 1.5, ma'aikatan talabijin da suka ajiye aiki aka kawo wasu daga Rasha suka maye gurbinsu. Babu wani babban janar da ya juya masa baya. Ran 23 ga Satumba aka rantsar dashi a ɓoye ba tare da an sanar ba, a Janairun 2025 kuma ya sake bai wa kansa sama da kashi 86.

Ita Maria Kolesnikova a Satumban 2020 wasu masu rufe da fuska suka sace ta a titi suka kaita iyakar Yukren cikin dare dan su tura ta waje, sai ta yayyaga fasfonta ta watsar ta tagar mota, ta fita ta tako da ƙafa ta dawo ɓangaren ƙasarta. Aka yanke mata shekara 11, ta daɗe a kulle ko wasiƙa ba'a bari ta kai ga danginta. Sai a Disamban 2025 aka sake ta tare da wasu fursunoni sama da ɗari bayan ciniki da Amurka, aka ɗebe su a mota aka fitar dasu daga ƙasar ta iyakar Yukren.